Shekarar da Na Sauka daga Moto

A shekarar da Hadiza take ɗauke da cikin fari, na yi shekara ashirin da uku ina kabu-kabu da moto a Damagaram. Ni ne shugaban tasharmu ta bakin kasuwa, kuma duk lokacin da aka samu mai zuwa ƙauye, Guna ko Durum, inda hanya rairayi ce zalla, ni ake kira, domin ban taɓa kayar da mutum ba. Ba yabon kai nake yi ba. Ina faɗa ne don ku gane girman abin da nake tsoron rasawa. Mu gidan dukawa ne a Birni, ubana jakunkuna da takalma yake ɗinkawa, amma ni hannuna bai karɓi fata ba, har ya gaji da dukana ya ƙyale ni. A kan moto kaɗai na zama mutumin da ake nuna wa da hannu. Ku ukun nan, Lawali da Hadiza da Mariyama, abin da kuka sani shi ne innarku ta yi ciwon gwiwa, ta matsa mini lamba har na sayar da moto na sayi adaidaita don in riƙa kai ta unguwa. Haka gwaggonku Zainabu ta faɗa, haka mutanen unguwa suka ɗauka, ni kuma ban taɓa musawa ba. To ba haka aka yi ba, kuma ba na son in tafi in bar ku da shi a haka.

Da bazara abin ya soma. Yatsun ƙafata ta hagu suka riƙa yi mini kamar na sa safa mai kauri, ko da kuwa ƙafar tana tsirara. Na ce gajiya ce. Daga yatsu ya hau tafin ƙafa, daga nan ya kai idon sawu. Ku da ba ku tuƙa moto ba, da ƙafar hagu ake canza bitas, wato giya, da ita kuma ake dogarawa a ƙasa idan an tsaya. Sai na wayi gari ba na jin ƙarfen a ƙarƙashin yatsuna. Da kunne nake gane ko bitas ya shiga, in saurari kukan inji kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Wata Lahadi na kai wata mai goro kasuwar Mirriya, da muka isa ta dubi ƙafata ta ce ina takalmina ɗaya. Ya faɗi a hanya ban sani ba. Na yi dariya na ce ya tsinke ne na jefar. Sau biyu na faɗi ni kaɗai a cikin watannin nan, duka a tsaye, ba a guje ba. Na farko na ce akuya ce ta gilma. Na biyu babu wanda ya gani, na tashi na karkaɗe riga na koma tasha na ci gaba da raba wa mutane fasinja.

Ranar da nake son in ba ku labari, mijin Hadiza ya yi tafiya arewa, ga ranar awonta ta zo. Ta aiko da safe ta ce in zo in kai ta asibiti, ba ta yarda da kowa ba sai ni. Cikin ya tsufa, da kyar ta hau, ta zauna a karkace ta riƙe kafaɗata. Na tafi a hankali yadda ban taɓa tafiya ba. Muka iso mararrabar da manyan motoci suke shigowa gari, ɗan sanda ya ɗaga mana hannu, na taka birki, na sauke ƙafar hagu. Ban san ko ta taɓa ƙasa ba. Ashe a gefen kwalta ta sauka, ta lanƙwashe a ƙarƙashina kamar ba tawa ba. Moto ya kwanta ta wajen hanya, daidai lokacin da wata babbar mota ɗauke da buhunan albasa take wucewa dab da mu. Na ga tayarta, na ga har duwatsun da suka maƙale a jikinta. Wani ɗan ga-ruwa da yake tsaye kusa da mu ya saki kurarsa ya cafke ƙarfen bayan moto da hannu biyu, ya riƙe har na dawo da nauyi kan ƙafar dama. Jarkokinsa biyu suka faɗi suka zube. A garin nan kun san wahalar ruwa, amma ko kallonsu bai yi ba. Bai tsaya na yi masa godiya yadda ya kamata ba, har yau ban san sunansa ba.

Hadiza ba ta ga abin da na gani ba, domin fuskarta tana ɗaya wajen. Dariya ta yi.

"Baba, yau rairayi ya so ya ba ka kunya."

"Rairayi ne," na ce mata.

Hadiza, babu rairayi a wurin nan ko cikin tafi ɗaya. Ɗanki da yake zuwa yanzu yana ce mini in ba shi tuƙi, ranar nan saura taki ɗaya ku tafi tare, kuma ni ne sanadi, domin na san halin da ƙafata take ciki na ɗauke ki.

Na mayar da ita gida lafiya, na dawo namu gidan gab da azahar. Ban koma tasha ba. Innarku ta kawo mini buta a tsakar gida, na zauna a kan turmi na naɗe wando zan yi alwala. Sai na ga ta tsaya ba ta tafi ba. Ta durƙusa ta kama ƙafata ta juya ta. A saman idon sawu fata ta saluɓe, faɗin bakin kofin shayi, jajir. Ƙafar ta jingina da inji mai zafi tun daga mararraba har gida, tana gasuwa, ban ji ba.

"Malam, yaushe wannan?"

"Ɗazu ne. Ba komai."

Ta ɗora yatsa a kan ciwon ta danna, idonta yana kan fuskata. Ban motsa ba, domin ban ji komai ba. Na tuna ya kamata in yi tsaki ko in janye ƙafar, amma na makara. Ta daɗe a durƙushe. Mariyama tana ɗaki tana shirin komawa lakwal, wato makaranta, innarku kuma ba ta so ta ji. Ta kawo man shanu ta shafa, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta koma wajen tukunyarta.

Washegari muna shan kunu, ta faɗa da ƙarfi yadda duk gidan zai ji, har da matar maƙwabcinmu da ta shigo aron rariya:

"Gwiwar nan tawa ta hana ni barci. Malam, yau ka raka ni likita."

Shekara talatin muna tare ban taɓa jin ta ambaci gwiwa ba. Na dube ta, ta dube ni, na tashi na ɗauko hula.

Muka je asibiti a moto. Da aka kira mu ta tura ni gaba ta ce wa likita ga majinyacin nan. Ya kwance tsumman, ya duba, ya sa aka ɗebi jinina. Sannan ya ce in rufe ido. Na rufe, ina jira ya fara. Can na ji ya ce in buɗe. Na buɗe na ga allura a hannunsa, ashe ya tsikare ni wuri biyar ko shida. Ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikina, ya cinye jijiyoyin ƙafar. Ya ce ta dama da sauranta, idan na kiyaye abinci da magani za ta kai ni inda Allah ya nufa, amma ta hagu ba za ta dawo ba. Ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa, ya ajiye alƙalami ya ce shi dai ba zai ɗora ɗansa a bayana ba.

Muka fito. Na buga moto na ce ta hau. Ta wuce ni ta je ta zauna a gindin wani itacen dogon yaro da yake bakin ƙofar asibitin. Na kashe inji na bi ta.

"Jiya da ka kai Hadiza, me ya faru?"

Na yi niyyar in ce ba komai. Amma tun jiya tayar motar nan take gabana, ko tuwo ban iya haɗiyewa ba. Na faɗa mata duka, har da jarkokin da suka zube. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Watanni nawa ka sani?"

"Tun bazara."

"Tun bazara kana ɗaukar 'ya'yan mutane. Jiya kuma ka ɗauki tawa da abin da yake cikinta."

Na ce mata ta gane halin da nake ciki. Idan aka ji a tasha cewa ƙafata ta mutu, na gama. Ko jaki na hau babu mai bina. Ban iya ɗinki ba, ban iya ciniki ba, ga Mariyama ba ta gama karatu ba. Me zan ce wa mutane?

"Ka ce musu ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce na hana ka. Ai duk unguwa ta ji gwiwata da safe."

Ta rantse ba za ta sake hawa moton nan ba, ni ma ba zan tuƙa shi gida ba. Na bar shi wajen mai gadi, ta tsayar da adaidaita. A lokacin ba su daɗe da yawaita a gari ba, mu 'yan kabu-kabu kuwa mun raina su, muna ce musu kejin kaji. Ranar ce ta farko da na shiga cikinta. Na zauna a baya kamar baƙo a garina, ina fatan kada wani ɗan tasharmu ya hange ni. Direban wani dattijo ne mai suna Mamman Sani, tsohon tela. Don in kawar da kai daga kunya sai na riƙa kallon yadda yake tuƙi. Da hannun hagu yake canza bitas. Da ƙafar dama yake taka birki. Ƙafarsa ta hagu kuwa tana ajiye a gefe, ya ma cire takalmin yana sosa ta da ɗaya hannun. Muka zo mararrabar jiya, aka tsayar da mu, ya tsaya, bai sauke komai ƙasa ba, abin kuma bai karkata ba. Na juya na dubi innarku. Ashe ita ma ƙafar take kallo.

Ban sake ɗaukar fasinja a moto ba. Na sayar da shi ga wani ɗan Guna don kada in riƙa ganinsa a gari, na haɗa da abin da Allah ya hore, Mamman Sani ya raka ni muka zaɓo wata adaidaita da aka shigo da ita daga Kano, ta ɗan yi aiki amma injinta lafiya. Shi ya koya mini a wani fili bayan gari, kuma ya sha dariya. Ni da nake ganin babu abin da za a koya mini a kan taya, sai ga shi na kasa juya kwana. Mai moto da jikinsa yake juyawa, ya kwanta gefe abin ya bi shi. Na kwanta hagu, adaidaita ta miƙe sak ta shige cikin wata ƙaya. Na sake, na murɗa da ƙarfi, tayar baya ɗaya ta tashi sama, Mamman Sani yana salati a bayana.

"Malam Isufu, wannan ba doki ba ne, amalanke ce. Zauna daram ka juya hannu, kuma ka rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba."

Ya ce wanda bai taɓa tuƙa komai ba ya fi ni saurin koyo. Kwana tara muka yi. Ko bayan na iya, na yi wata guda duk inda na tsaya sai in ga ƙafata ta fita waje tana neman ƙasa.

Ba zan ce muku ban yi asara ba. Shugabancin tasha ya tafi, domin ba a shugabantar 'yan kabu-kabu daga cikin keji. A fadarmu ta shayi, inda dā idan na yi magana ake shiru, aka riƙa tambayata ko Hajiya ta ba ni izinin fitowa. Lungun gidan ubana a Birni, tsakanin duwatsu, adaidaita ba ta shiga, sai in ajiye ta a bakin hanya in taka. Gonarmu ta Durum, da nake zuwa duk Juma'a da damina, hanyarta ta fi ƙarfin ƙananan tayun nan. Sau biyu na kafe a rairayi sai da manoma suka turo ni, na haƙura na bar wa ƙanena ita yana nomawa. Har yau idan na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, gonar nan nake tunawa.

Amma babbar asarar ba ni na ɗauke ta ba. Ranar sunan ɗan Hadiza, gida cike da mata, gwaggonku Zainabu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, ta tare innarku a tsakar gida. Ina zaure ina jin komai.

"Ke kam kin gama da ɗan'uwana. Mutumin da ake jin sunansa har Mirriya, kin mayar da shi mai ɗaukar kwandunan mata. Gwiwa! Ga ki kina zirga-zirga tun safe kamar budurwa. Me kika ba shi ya ci?"

Taki huɗu ne tsakanina da su. Da na ɗaga labule na naɗe wando na nuna tabon nan, da magana ta ƙare a ranar. Ban tashi ba. Na zauna ina rarraba goro ga baƙi kamar ban ji ba. Na ji muryar innarku tana cewa:

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ciwo ne, yana zuwa yana tafiya."

Daga ranar aka sa mata suna a dangi. Aka daina neman shawararta a sha'anin aure, aka riƙa ja wa amare kunne kada su yi zama da ita. Kai ma Lawali, na san ka yi shekaru kana gaishe ta da guntuwar gaisuwa saboda kana ganin ta karya ubanka. Ban ga laifinka ba, ni na bar ka cikin duhu. Ta ɗauki wannan duka ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da take tambayata kullum shi ne ko na sha magani, ko na duba ƙafar kafin in sa takalmi. Na yi ta cewa zan faɗa wa Zainabu gaskiya idan ta huce, idan an gama biki kaza, idan an sha ruwa, har Allah ya karɓi ran Zainabu ban faɗa mata ba. Wannan yana wuyana. Ku da kuka rage, ga shi na faɗa muku, kuma ina son ku faɗa wa 'ya'yan gwaggonku, kada ku rage komai don ku rufa mini asiri.

Duk da haka, idan kuka tambaye ni yadda na ji a shekarar nan, ba baƙin ciki ne ya fi yawa ba. Sauƙi ne. Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini. Watanni ina fita da safe, duk mararraba ina addu'a kada a tsayar da ni, duk fasinja ina auna nauyinsa da ido ina lissafin ta ina zai rinjaye ni. Sai ga ni ana tsayar da ni ina zaune kamar a zaurena, ina kallon gari. A nan na lura ashe an yi wa shagunan bakin hanyar fenti, ashe akwai mai kilishi a kusurwar da na wuce sau dubu. Cin abinci ya dawo mini. Fasinjojina suka canza, suka zama tsofaffi masu zuwa asibiti, da mata masu goyo, da masu tallar da kayansu ya fi ƙarfin moto. Mai goron nan ta Mirriya ta dawo wurina da huhunta biyu da ƙanwarta. Babu mai ce mini in yi sauri. Shekara goma sha ɗaya na yi a cikinta kafin ido ya ce in zauna, ban kuwa zubar da ko ƙwai ɗaya na mutane ba.

Akwai wata Lahadi a ƙarshen daminar shekarar, na ce wa innarku ta shirya mu je Mirriya, ba don aiki ba. Tunda aka kawo ta gidana ban taɓa fita da ita haka kawai ba. Ta zaga kasuwa son ranta, ta sayi tabarma da tukunya da damin rake, muka zauna a inuwar tsamiya muka sha fura. Da la'asar muka kamo hanya, hatsi ya yi kai hagu da dama. Muna tsakiyar hanya hadari ya taso daga gabas. Dā sai in nemi rumfa ko gindin itace, mu tsaya muna rawar sanyi. Na tsaya a gefe na sauke labulen leda na ɓangarorin biyu, na ci gaba. Ruwa yana dukan rufi, mu ko ɗigo. Ina ta ba ta labarin wani bafulatani da na taɓa ɗauka da ɗan maraƙinsa a moto, na kai wurin dariya ban ji ta yi ba. Na duba madubi. Ta jingina kai da tabarmar, bakinta a ɗan buɗe, tana barci.

Duk shekarun da na yi ina ɗaukar mutane, babu wanda ya taɓa yin barci a bayana. A moto ba a yi, mai gyangyaɗi ma sai ka daka masa tsawa. Na rage gudu har masu amalanke suna kusan kamo ni, ina kauce wa kowane rami. Muka shigo gari ruwa ya ɗauke. Na tsaya a ƙofar gida na kashe inji a hankali, ba ta farka ba. Mariyama ta leƙo za ta yi magana, na ɗora yatsa a baki, ta koma. Na zauna a wurina hannuna a kan cinya, ruwa yana ɗiga daga rufin, har aka kira magariba.

Ta buɗe ido ta dubi ƙofar gidanmu, ta dube ni.

"Har mun iso?"

"Mun iso tun ɗazu," na ce.